Ƙirƙirar kiɗa nan take a kan fiyano: Yadda ake koyonta da koyar da ita a ƙasar Hausa

Ƙirƙira nan take ita ce makaɗi ya tsara kiɗa a daidai lokacin da yake kaɗa shi, babu takarda a gabansa, bai kuma haddace abin da zai fito daga yatsunsa tun daga farko har ƙarshe ba. Ga makaɗin fiyano a ƙasar Hausa, ita ce ma'aunin gwaninta, ita ce kuma hanyar cin abinci. Ana tsakiyar biki sai wani attajiri ya shigo fili, mawaƙi ya hango shi, ya saki ɗan waƙar da ya ɗauko ya koma kan kirarin baƙon da sunan mahaifinsa da na garinsu. Babu wanda ya sanar da makaɗi. Cikin daƙiƙa biyu ko uku dole ya gane inda muryar mawaƙin ta dosa, ya sassauta kiɗa domin a ji sunan, ya cike gurbin da mawaƙin zai bari yayin jan numfashi, sannan ya dawo da kowa kan amshi ba tare da masu rawa sun ji an yi tuntuɓe ba. Wanda ya iya wannan, mawaƙa ke layi a ƙofarsa. Wanda bai iya ba, duk wani yaro mai kwamfuta yana iya maye gurbinsa.

Kalmar fiyano a bakin Bahaushe ta fi nufin na'urar kiɗa mai aiki da lantarki, irin su Yamaha da Casio da Korg, wadda ake ɗorawa a kan teburi ko ƙafar ƙarfe. Fiyano na asali, mai akwatin katako da tsarkiyoyin ƙarfe a ciki, wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Fulorans wajen shekarar 1700, kuma cikakkensa na yau yana da maɓallai 88. Wanda aka fi gani a situdiyo da wuraren biki yana da 61. Duk tsarinsu ɗaya ne: farare bakwai da baƙaƙe biyar, su yi ta maimaita kansu daga hagu, inda sauti ke da kauri, zuwa dama, inda yake sirancewa.

Gadon da fiyano ya tarar

Yankin da ya haɗa Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya miƙe zuwa Isa da Maradun da Bakura, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da manyan makaɗan Hausa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, haifaffen Tubali ne a ƙasar Shinkafi ta yanzu. Kassu Zurmi ya yi suna da kalangu wajen yi wa 'yan tauri da mafarauta waƙa. Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru duk 'yan ƙasar Zamfara ne kuma makaɗan kotso. Babu ɗayansu da ya zauna a ajin koyon kiɗa, amma kowannensu ya bi ta wata makaranta mai tsari, wadda ba a rubuta manhajarta ba.

Yaro yakan shiga ƙungiya ne da ɗaukar kaya. Ya zauna a baya yana saurare wata da watanni, sannan a bar shi ya sa baki a amshi, wato gindin waƙa kaɗai, wanda ba ya canzawa. Daga nan a damƙa masa ƙaramin abin kiɗa irin kanzagi, wanda aikinsa shi ne riƙe bugu guda ɗaya ba gaba ba baya. Sai kunnensa ya nuna kafin a yarda ya tarbi jagora a tsakiyar layi ya ƙarasa masa, ko ya yi ƙari a kan abin da jagora ya faro. Ɗankwairo kansa ya yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi, ya yi wa yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara kalmomin wannan fanni, irin su gindi da ɗiya da jagora da ƙari, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993.

Abin lura a wannan tarbiyya shi ne, abin da mai saurare ke ɗauka saukar ilhama ce a fili, yawancinsa an daɗe da tara shi. Makaɗin fada yana da rumbu a kansa: salsalar sarakuna, kirarin kowace sarauta, karin magana, hanyoyin zambo da habaici, da kare-karen kiɗa da hannunsa ya saba da su har ba ya tunaninsu. Makaɗan fada ma sukan zauna a gida da 'yan amshi su gyara waƙa kafin su kai ta gaban sarki. Abin da ke faruwa a fili shi ne zaɓe da haɗawa da sauyawa cikin hanzari. Ko Mamman Shata, wanda aka fi sani da tsara waƙa a tsaye, yana yin haka ne a kan kalangu da amshi da suka kafe wuri guda suna riƙe masa ƙasa. Duk malamin fiyanon da ya fahimci wannan ya samu rabin manhajarsa.

Shigowar fiyano

Kayan kiɗa masu maɓallai sun fara shigowa Arewa ne ta majami'u da makarantun mishan da wuraren shaƙatawa na Sabon Gari, kuma sun daɗe ba su taɓa waƙar Hausa ta fada ko ta jama'a ba. A Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani Abdoulaye ya samu ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa juya kare-karen gargajiya na ƙasar a kansa, ya naɗi kaset a 1978. Rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin a 2013. A 1980 kamfanin Casio na Japan ya fara fitar da ƙananan fiyano masu sauƙin kuɗi, abin da ya kai na'urar hannun talakawa a ƙasashe da yawa.

A Najeriya, fim ne ya buɗe ƙofar. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya finafinan bidiyo sun buƙaci kiɗa mai araha da zai raka waƙoƙi irin na finafinan Indiya da masu kallo suka saba da su. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyi irin na Iyan-Tama, na Hamisu Lamiɗo Iyantama, suka rungumi jerin fiyanon Yamaha PSR, kuma fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, ya nuna wa 'yan kasuwa irin kuɗin da waƙar fiyano za ta iya jawowa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi. Daga fim abin ya bazu zuwa waƙar siyasa da ta biki da ta talla, har da wani sashe na masu begen Annabi. Dalilin a bayyane yake: mutum ɗaya da akwati ɗaya yana ba da amon ganguna da sarewa da goge da garaya, aikin da a da sai an ciyar da mutum takwas ko goma.

Sai dai fiyano ya shigo ne ba tare da makaranta ba. Yawancin makaɗansa a Arewa sun koya ne ta hanyar zaman situdiyo: yaro ya share ɗaki, ya tayar da janareto, ya naɗe wayoyi, ya zuba ido a kan yatsun maigida, in an fita sallah ko cin abinci ya ɗan taɓa. Tsohon tsarin bara ne ya sake dawowa a sabuwar riga, amma da giɓi guda. Yaron makaɗin kotso yana shafe shekaru a cikin amshi, yana rera waƙa da bakinsa a gaban jama'a. Yaron situdiyo yana iya shekara biyu bai taɓa raka mawaƙi mai rai a fili ba.

Kunne kafin yatsa

Matakin farko na koyar da ƙirƙira ba ya buƙatar ɗalibi ya taɓa fiyano. Malami ya kaɗa sauti uku ko huɗu, ɗalibi ya maimaita da baki. In ya kama, sai a ce ya nemo su a kan maɓallai da kansa, ba tare da ya kalli hannun malami ba. Dokar da ake kafa masa tun ranar ita ce kada ya kaɗa abin da ba zai iya rerawa ba. Hikimar ita ce, mai ƙirƙira yana jin kiɗan a kansa kafin yatsa ya sauka. Wanda yatsunsa ke yawo suna neman sa'a, sai bayan sauti ya fito yake sanin abin da ya kaɗa, kuma a lokacin an riga an ji.

Makaɗan coci a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano suna da wani makami a nan, wato sunayen sauti na do, re, mi, fa, so, la, ti, tsarin da wani limamin Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa a ƙarni na 19, mishan kuma suka kawo shi. Amfaninsa shi ne kowane sauti yana da suna gwargwadon nisansa daga gida, wato do, duk inda aka kafa gidan. Da shi malami zai iya kiran kari da baki daga ƙarshen ɗaki, ɗalibi ya kaɗa. Makaɗan situdiyo da yawa suna aiki ba tare da waɗannan sunaye ba, suna cewa hau ko sauka, kuma suna kaiwa ga gaci, amma hanyar ta fi tsawo.

Daga nan sai baƙaƙen maɓallai. Su biyar ne a kowane zagaye, kuma in aka bi su a jere suna ba da tsanin sauti mai hawa biyar, wanda yawancin kare-karen waƙar gargajiya ta Hausa ke tafiya a kai ko kusa da shi. Alherin wannan tsani ga ɗan koyo shi ne babu sautuka biyu a cikinsa da ke karo da juna karo mai zafi, saboda haka duk inda ya taka ba zai ji kunya sosai ba. Malami ya riƙe bugu da hannun hagu, ya ce wa yaro ya yi yawo a kan baƙaƙen yadda ya ga dama. A zama na farko yaro yakan ji kansa yana kiɗa, tsoro ya fita. Bajamushen nan Carl Orff ya gina koyar da yara ƙirƙira a kan wannan tsani mai hawa biyar. Bayan hannu ya saba sai a mayar da shi kan fararen maɓallai, do, re, mi, so, la, sannan a nuna masa yadda launin kiɗa ke komawa na juyayi in aka mayar da la ta zama gida. Sautuka biyun da suka rage, fa da ti, ana shigo da su daga baya, kuma da su ne ake samun ɗanɗanon waƙar Indiya.

Fiyano ya koyi Hausa

Nan ne malamin ƙasar Hausa ya rabu da littattafan Turawa, domin babu abin da za su gaya masa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye sama-sama ake faɗinsa, kuka ta miya kuwa a hau ne a sauko. Wuya na jiki daga sama yake saukowa, wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. Ga kuma tsawon wasali, wanda shi ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma kunnen kowane Bahaushe yana ji. Da wannan ne kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, har mai take ya ji an kira shi daga nesa ya miƙe.

Mawaƙa ba sa bin karin kowace kalma sau da ƙafa, sukan lanƙwasa shi domin daɗin waƙa, amma akwai iyakar da in aka wuce ta kalma takan juye ko ta zama ta baƙo. Makaɗin fiyano da ke bin muryar mawaƙi, ko yake amsa masa, dole ya san wannan iyaka. Darasin da ya fi amfani a nan mai sauƙi ne. A ba ɗalibi sunan mutum, ko sunan gari, ko gajeren kirari, a ce ya faɗe shi a hankali, ya lura da inda murya ta hau da inda ta sauka da gaɓar da aka ja, sannan ya fitar da shi a kan maɓallai biyu ko uku kacal. Gaɓa mai nauyi ta ci kimanin ninkin lokacin marar nauyi. In wani da ke waje ya iya cankar sunan daga kiɗan kaɗai, ɗalibi ya ci. Wanda ya yi wannan da sunaye ɗari ya mallaki kare-kare ɗari waɗanda ba a kwaso daga fim ɗin kowa ba, kuma ranar da mawaƙi ya jefo sunan baƙo a tsakiyar biki, yatsunsa sun riga sun san hanya.

Akwai ma batun karin harshe. Zamfarci da Sakkwatanci sun bambanta da Kananci a kalmomi da yadda ake furta su, kuma waƙoƙin Narambaɗa da Ɗankwairo a kan harshen Yamma aka gina su. Yaron da ya tashi a Zurmi ko Shinkafi yana da wannan a kunnensa kyauta. Kuskure ne malami a birni ya goge masa shi.

Hannun hagu da bugu

Kafin ɗalibi ya haɗa hannu biyu, sai ya iya tafa bugun da tafi da ƙafa. Kiɗan kalangu da na kotso da yawa suna tafiya ne a kan rabon uku-uku, inda kowane taku ke ɗauke da ƙananan bugu uku, wani lokaci kuma a ɗora biyu a kan ukun su yi ta ja-in-ja. Yawancin kiɗan da kamfani ya zuba a cikin na'ura kuwa a kan huɗu-huɗu yake, irin na disko da waƙoƙin Turai. Ɗalibin da ya fara da na'ura yakan taso da ƙafa mai huɗu, in aka ɗora masa waƙar noma ko ta dambe sai ya daddatse ta domin ta shiga akwatin da ya sani.

Hannun hagu shi ne kanzagin fiyano. A ba shi ɗan gajeren zubi guda, ya yi ta maimaitawa minti biyar ko goma ba tare da ya yi sauri ko ya ja baya ba, malami yana yi masa hira yana amsawa. Sai ya daina tunanin hannun hagu sannan na dama zai samu 'yanci. Game da dunƙulen sauti, wato danna maɓallai uku lokaci guda, wanda makaɗa ke kira kod, uku ne ginshiƙai: wanda aka gina a kan do, da na kan fa, da na kan so. Sun isa raka dubban waƙoƙi. Amma tsohon kiɗan Hausa ba a kan sauya kod aka gina shi ba, a kan murya da bugu da amshi yake. In aka cika masa kod sai ya koma kamar waƙar majami'a ko ta makaranta. Makaɗi mai kunne yakan wadatu da do da so a hannun hagu, ya bar tsakiya a buɗe domin muryar mawaƙi ta samu wurin juyawa.

Gurbi, rumbu da kuskure

Ainihin fagen ƙirƙirar makaɗin da ke raka mawaƙi ɗan ƙarami ne: gurbin da ke tsakanin ƙarshen layi da farkon na gaba, da kuma sararin da ake bari domin rawa ko liƙi. Abu mafi wuya ga matashi mai zafin hannu shi ne janyewa yayin da mawaƙi ke magana. Mai biki ya biya ne domin a ji sunansa, ba domin a ji gudun yatsu ba. Don haka malami yakan zama jagora, ya rera layi, ɗalibi ya amsa da fiyano a cikin gurbin kaɗai, ya kuma sauka daidai kan bugun da amshi zai shigo. Da farko ya maimaita abin da aka rera. Daga baya ya riƙe farkon ya sauya ƙarshen. Daga baya ya ba da amsa tasa.

Ana cika rumbu ne da kwaikwayo. Ɗalibi ya ɗauki ɗan yanki daga faifan wani gwani, na daƙiƙa huɗu ko biyar, ko na kalangu ne ko na goge ko na kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya saurara har ya iya rerawa, ya nemo shi a maɓallai. Sannan a tilasta masa ya juya shi hanya biyar: ya fara daga wani sauti dabam, ya rage gudu, ya tsinke shi biyu, ya kai shi sama, ya canza inda ya faɗa a kan bugu. Yankin da aka juya haka ya zama nasa. Wanda aka haddace kawai yana nan a matsayin kayan aro, kuma masu saurare sukan gane mai shi.

Takurawa ma hanya ce. A ce wa ɗalibi ya yi minti biyu a kan maɓallai uku kacal. Da yake ba shi da wurin gudu, dole ya nemi daɗi a cikin bugu da shiru. Game da kuskure kuwa, ƙa'idar fili ita ce ba a tsayawa. In yatsa ya faɗa kan sautin da bai dace ba, mai dacewa yana maƙwabtaka da shi, taku ɗaya sama ko ƙasa, sai a zame zuwa can. Malamin da ke tsawa a kan kowane kuskure yana tarbiyyar mai hadda ne, domin yaron da ke tsoro ba zai sake taka inda bai sani ba. Gara a naɗi zaman a waya, a saurara tare bayan an gama, ɗalibi ya nuna wuraren da kansa.

Tarkon na'ura

Fiyanon zamani yana da abubuwa uku da ke sauƙaƙa aiki, kuma su ne ke gurgunta ɗan koyo. Na farko shi ne rakiya mai sarrafa kanta: a danna maɓalli ɗaya da yatsan hagu, na'ura ta saki ganguna da bes da kod gaba ɗaya. Na biyu shi ne maɓallin sauya murya, wanda ke ɗaga ko sauke dukkan sautin na'ura, ta yadda mutum zai shekara goma yana kiɗa a gida ɗaya tak daga cikin goma sha biyu. Na uku shi ne ajiya, inda ake zuba kiɗan da aka gama a filashi a zo fili a kunna. Ga kuma manhajojin kwamfuta irin su FL Studio da Cubase, waɗanda ke daidaita bugun da ya kauce, da Auto-Tune da ke gyara muryar mawaƙi.

Babu laifi a cikin kayan kansu. A Jamaika, wani zubin kiɗa da ke cikin ƙaramin Casio MT-40 shi ya haifar da kiɗan Sleng Teng a 1985, wanda ya sauya alƙiblar rege baki ɗaya. Matsalar tana wajen jerin koyo. Mawaƙi mai rai yakan hau sama kaɗan in fili ya yi zafi, yakan ja layi in ya ga ana liƙi, yakan yanke in ya ga babban baƙo zai tashi. Kiɗan da ke cikin filashi bai san da wannan ba. Shi ya sa malamai masu lura ke kashe rakiya a watannin farko, su kuma sa ɗalibi ya kaɗa kari ɗaya a gidaje uku ko huɗu da yatsunsa.

Akwai kuma iyakar da ke jikin fiyano. An raba zagayensa gida goma sha biyu daidai wa daida bisa awon Turai, alhali goge da kalangu da muryar mawaƙi suna zamewa a tsakanin waɗannan gidaje. Ƙaramar ƙafar da ke gefen hagu na na'ura, wadda ake murzawa sauti ya lanƙwashe, ita ce ke ɗan cike wannan giɓi, kuma iya murza ta darasi ne mai zaman kansa. Kamfanoni suna ƙera wasu samfura domin kasuwar Larabawa da Turkawa, masu maɓallan sauke sauti da rabin taku na fiyano.

A wasu ƙasashe da kuma makarantu

Turawa ma da ƙirƙira suka fara. A 1747 Johann Sebastian Bach ya ziyarci Sarki Frederick na Biyu a Potsdam, sarkin ya ba shi kari, ya gina kiɗa a kansa nan take. A 1781 Mozart da Clementi sun yi gasa a gaban Sarki Joseph na Biyu a Biyana, kuma ƙirƙira na cikin abin da aka gwada su a kai. A makarantun marayu na birnin Napoli a ƙarni na 18, ana ba yara layin hannun hagu kaɗai su cike sauran da kansu, bayan sun sha ɗaruruwan zubi, tsarin da Ɗankwanda da 'ya'yansa za su gane da gani. Daga ƙarshen ƙarni na 19 ne makarantun kiɗa suka karkata ga kaɗa abin da aka rubuta harafi da harafi, fasahar ta koma hannun makaɗan ogan na coci da makaɗan jaz na Amurka.

Wannan karkata ita Najeriya ta gada. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a farkon shekarun 1960, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantarta, kuma yawancin irin waɗannan cibiyoyi a Kudu suke. A firamare da ƙaramar sakandare an cusa kiɗa cikin darasin al'adu da fasaha tare da zane da wasan kwaikwayo, kuma a makarantun gwamnati da yawa a allo ake yin sa, babu abin kaɗawa. Iya karanta rubutun kiɗa yana da amfani wajen adanawa da yin aiki da makaɗan wasu wurare. A matsayin ƙofar shiga kuwa, yakan jinkirta yaron da aikinsa zai kasance bin bakin mawaƙi.

Daga Banga zuwa situdiyo

Ga matashi a gari irin Banga da ke Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda (a rubuce sunan ya zo ɗaya da na banga, ƙaramar gangar fada), cikas ɗin ya wuce na manhaja. Fiyano yana son wuta, kuma kuɗinsa na bin dala. Tun bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 aka ƙara sa ido a kan shagulgulan da ke cakuɗa maza da mata, malamai kuma suna da saɓani a kan kayan kiɗa, ga tsohon kallon da ake yi wa kiɗa a matsayin roƙo, wanda ke sa iyaye da yawa hana 'ya'yansu. Sama da duka akwai matsalar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka, ta sa taron dare ya zama kasada. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Bikin ƙauye da dandali da gayyar noma su ne ajin da makaɗan da suka yi karatu a ciki, kuma su ne abin da rashin tsaro ya fara cinyewa.

Saboda haka mai son sana'ar yakan nufi Gusau ko Kano ko Kaduna. Wanda bai samu tafiya ba yana iya farawa da manhajar fiyano a waya, wadda ta isa darasin kunne da na sunaye, ko da ba ta isa horar da hannu biyu ba. Darussan YouTube suna da yawa, amma galibinsu da Turanci ne kuma a kan kod na waƙoƙin coci ko na Amurka. Abin da ya fi su amfani gare shi yana cikin memori a rumfar masu tura waƙa a kasuwa: faifan Narambaɗa da Ɗankwairo da Kassu Zurmi da Sa'idu Faru, inda zai ji yadda 'yan amshi ke tarbar jagora da inda kotso ke shiga da inda yake yin shiru.

Uban da zai kai ɗansa koyo, ko ɗan kasuwar da zai ɗauki makaɗi domin biki ko talla, yana iya gwada shi cikin minti biyar ko da bai san komai a kiɗa ba. A ce ya kashe rakiyar na'ura ya cire filashi. A sa wani ya rera waƙar da makaɗin bai taɓa ji ba, a ga ko zai nemo gidan muryar kafin a kai amshi na biyu. A ce mai rerawa ya ɗaga murya kaɗan a tsakiya, a lura ko hannun makaɗin zai nufi maɓallin sauya murya ko zai bi da yatsu. Daga ƙarshe a faɗi sunan mai gida da na garinsu, a ce ya kira su da fiyano.